Fatar da Ta Rage a Jikina

Shekara guda da 'yan watanni bayan an yi mini aikin rage tumbi a wani asibiti da ke unguwar Aziziyya a Makka, babu wanda ya san ni da zai gan ni a hanya bai tsaya ba. A lokacin ina aiki a teburin karɓar baƙi na wani otal a Misfala, inda alhazan ƙasarmu suka fi sauka, saboda haka kullum sai na haɗu da idon sani. Wanda ya san ni tun ina dafa bango kafin in tashi daga sujada sai ya riƙe baki ya ce, "Masha Allah, kai ne kuwa? Ai ka koma saurayi." Ni kuma in yi murmushi in gode wa Allah. Ciwon sukarin ya kwanta, gwiwoyina sun daina ciwo, ina iya takawa daga otal har Harami ban tsaya hutawa ba. Sai dai duk masu yabon nan jallabiya kawai suke gani.

Kitsen ya tafi, fatar da ta rufe shi kuwa ta zauna. Ta cikina ta zubo ta rufe marata har tana taɓa cinya. Ta damtsena tana reto idan na ɗaga hannu. Ƙirjina ya zube kamar na tsohuwa. Da ina da ƙiba, kowa yana ganinta, an yi mini dariya har an gaji, ni ma na saba. Wannan kuwa ni kaɗai na san da ita, kuma kullum cikin fargabar kada wani ya sani nake.

Zafin Makka bai taimaka ba. Gumi yakan taru a ƙarƙashin ninkin cikin, wurin ya yi ja, ya saɓule, ya riƙa ƙaiƙayi, sannan ya fara wani tsami da nake jin kamar duk wanda ya matso kusa da ni ya ji shi. Nakan shiga banɗakin ma'aikata kafin azahar da bayan la'asar, in ɗaga fatar da hannu ɗaya, in wanke, in goge, in barbaɗa hoda. Na sa matata ta sayo mini ɗamarar nan da mata suke ɗaure ciki da ita bayan haihuwa. Da za ta tafi kantin na ce mata, "Idan sun tambaya, ki ce taki ce."

Ta dube ni ta ce, "Wa zai tambaye ni, Baban yara?"

Ita ma ɗin ban bari ta ga jikina sosai ba. A gidanmu na Ka'akiyya, ɗaki biyu ne da falo, amma na koyi shiga wanka da kayan sawata in fito a shirye. Ta lura, ta yi magana sau ɗaya, na yi fushi, ba ta ƙara ba.

Ana haka mahaifina ya zo Umara daga Kano. Ya tsufa, ƙafa ta ƙi, a keken guragu ake tura shi. Bayan ya yi tasa Umarar ya huta kwana biyu, sai ya ce yana so mu fita Tan'im ni da shi, inda mazauna Makka suke zuwa su ɗaura ihrami, mu yi wata. Shi zai yi wa mahaifiyarsa, ni in yi wa tawa, Allah ya jiƙansu. Babu yadda za a yi in ce a'a. Tun da aka yi mini aikin ban ɗaura ihrami ba, ina ta kawo uzurin aiki. Mayafi biyu ne ba ɗinki, babu riga, babu singileti. Na yi tunanin in tambayi malami ko ɗamarata za ta halatta saboda lalura, amma tambayar tana buƙatar bayani, bayanin kuma shi ne abin da ba na iya yi.

A Tan'im na tura shi cikin wurin wanka, na taimaka masa ya ɗaura nasa. Na so in kai shi waje ya jira ni, sai ya ce, "Yi naka a nan mana, cunkoso ya yi yawa, kada in ɓace maka."

Na juya masa baya na cire jallabiya. Na kwance ɗamarar, fatar ta zubo. Na yi ta kokawa da mayafin ƙasa, idan na ɗaura a saman ninkin sai ya zame, idan na ɗaura a ƙasa sai cikin ya rufe ƙullin. Sai na ji muryarsa a bayana.

"Juyo nan."

Na juyo. Ya daɗe yana kallona. Ya san an yi mini aiki, har addu'a ya sa aka yi a gida, amma hotunan da nake tura musu duk da riga ne. Ya ce, "Da ciwo?"

Na ce, "A'a, Baba. Ƙaiƙayi ne kawai."

Ya ce, "Ɗaga." Na ɗaga fatar da hannu biyu kamar mai riƙe da ƙunshin wanki, shi kuma daga zaune ya zagaya mayafin, ya naɗe bakinsa, ya ja bel ya ɗaure tam. Ni mai 'ya'ya uku, furfura ta fara fito mini, ina tsaye mahaifina yana ɗaura mini zane. Na kafa ido a bango har ya gama.

Wajen ɗawafi sai an buɗe kafaɗar dama. A lokacin ana ta aikin faɗaɗa Harami, wuri ya matse, mutane jiki da jiki. Na riƙe keken da hannu biyu, na manne damtsena da haƙarƙarina. Na san babu mai kallona, kowa da abin da ya kawo shi, wasu suna kuka. Duk da haka ban iya tara hankalina a kan addu'a ba. Da muka zo sassarfa tsakanin koren fitilun Safa da Marwa, na ji fatar cikina tana dukan cinyata, faf, faf, har na rage gudu. Umarar da na yi wa mahaifiyata ke nan, rabin zuciyata yana kan jikina. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

A hanyar komawa gida Baba ya ce, "Waɗanda suka yi maka na farko, ba za su iya ƙarasa aikinsu ba ne?"

Satin da ya koma Kano na je wurin likita. Ya duba, ya ce ana yanke fatar, aiki ne da suke yi kullum. Na tambaye shi ko inshorar wurin aikinmu, wadda a nan muke ce wa ta'amin, za ta biya, tunda ita ta biya na farkon. Ya karkaɗa kai ya ce na farko magani ne, saboda sukari da hawan jini. Wannan kuwa suna lissafa shi a tajmil, wato gyaran jiki don ado. Amma zai tura musu takarduna mu gani. Kuɗin aikin idan da aljihuna ne, ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba, ga kuɗin iƙamar iyali, wato takardar izinin zama, da na makarantar yara.

Ba a daɗe ba amsa ta zo, sun ƙi. Na ɗauka ko ofishinmu zai iya sa baki, sai na hau sama wurin mai kula da harkar ta'amin ɗin ma'aikata. Bahaushe ne haifaffen nan, sa'ana, Hausarsa rabi Larabci. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya iya magana a hankali. Ya buɗa kwamfuta ya karanta, ya ɗago yana dariya.

"Tajmil? Ya shaikh, kai ma? Amarya za ka ƙara ne?"

Akwai mutum uku a ofishin, duk suka juyo. Ɗaya ya ce ko hanci za a gyara mini. Na yi dariya tare da su, na ce kuskure ne daga asibiti, na sauko. A matattakala na tsaya na jingina da bango. Daga baya ya same ni ni kaɗai ya ba ni haƙuri, ya ce bai san abin da ake ciki ba. Ya ce a iya saninsa sukan amince idan likita ya nuna fatar tana jawo ciwon da ya ƙi jin magani.

Na koma wa likita da wannan magana. Ya ce haka ne. Ya duba fayil ɗina ya ce, "Amma ai ba ka taɓa zuwa da ƙorafin ƙuraje ba." Na ce kusan shekara guda ina fama da su. Ya ce, "To ina ka kai su?" Na ce a gida nake magani. Ya ajiye biro ya yi mini bayani a hankali: masu ta'amin ba su san abin da ke banɗakina ba, abin da aka rubuta a asibiti suka sani. Sai in riƙa zuwa duk lokacin da wurin ya tashi, a duba, a ba ni magani, a ɗauki hoto, na tsawon watanni. Kunyar da ta hana ni zuwa asibiti ita ce ta sa ba ni da hujja.

Haka na shiga zarya. In zo, in tuɓe, in tsaya a gaban farin bango, wani ma'aikacin jinya ya ce in ɗaga, in juya hagu, in juya dama, yana ɗauka. Fuskata ba ta fitowa a hoton, amma nakan rufe ido. Matsalar ita ce na ƙware wajen kula da wurin, ranar da zan je sau da yawa ya yi sauƙi. Matata ce ta ce, "Ka daina sa hodar nan na 'yan kwanaki, su ga yadda yake idan an bar shi. Ai ba ƙarya ka yi ba." Na bi shawararta a tsakiyar bazara. Kwana kaɗan wurin ya ɗuri ruwa, tafiya ta koma azaba. Ina tsaye a teburin baƙi, abokin aikina ya ɗauko kasko ya kunna turaren wuta ya ajiye a tsakaninmu. Mai yiwuwa don baƙi ya yi, yakan yi hakan wani lokaci. Ban tambaye shi ba, ban kuma iya haɗa ido da shi ba har muka tashi.

Hoton wannan satin ne ya yi aiki. Bayan an sake turawa, suka amince da yanke fatar mara kawai, wadda take rufe wurin ciwon. Damtse da ƙirji suka ce ado ne, babu ruwansu. Likita ya ce in karɓa, abin da ake samu ke nan.

Aka yi aikin bayan aikin Hajji, lokacin da otal ya yi sauƙi. Na dawo gida da ɗinki daga wannan ƙugu zuwa wancan, da robobi biyu masu janye ruwa, ina tafiya a duƙe. Ba na iya wanka da kaina. Matata ta kawo kujerar roba banɗaki, ta zaunar da ni, ta cire mini riga da rana tsaka, haske ko'ina. Na sunkuyar da kai. Ta ɗaga hannuna tana goge ƙarƙashin damtsen da tsumma, fatar tana kwance a tafin hannunta.

Ta ce, "Wannan ne kake ta ɓoye mini?"

Na gyaɗa kai.

Ta ce, "Haihuwa uku na yi, ka ga abin da ya zama na cikina, ban taɓa shiga wanka da kaya ba. Ni na ɗauka wani laifin na yi maka." Ta ci gaba da gugar. Ban taɓa kawo wa raina cewa haka ta fassara abin ba. Na ce ta yi haƙuri. Ta ce in ɗaga ɗaya hannun.

Na warke. Ƙurajen ba su dawo ba, na jefar da ɗamarar, wando ya zauna mini daidai. Damtse da ƙirji suna nan yadda suke har yau, kuma jallabiyata kullum mai maɓalli a wuyan hannu ce.

Bayan na koma aiki, wani direban motar otal ɗinmu, mutumin Maraɗi, mai jiki kamar yadda nake a da, ya same ni bayan sallar la'asar. Ya ja kujera ya zauna yana haki, ya ce likita ya ba shi shawarar aikin rage tumbi, yana tsoro, ya ga ni na yi na ji daɗi, me zan ce masa. Na ce ya yi, zai ji kamar an sauke masa kaya. Sannan na ƙara da cewa, "Amma ka tambaye su zancen fata tun yanzu. Kuma ko ƙaramin ƙurji ka gani, ka kai asibiti a rubuta."

Ya ce, "Wace fata kuma, Malam?"

Na kai hannu kan maɓallin hannun rigata. Zuwa gwiwar hannu kawai zan naɗe, in ɗaga, ya gani da idonsa, ya fi duk bayanin da zan yi. Na ɓalle maɓallin. Sai ga motar alhazai ta tsaya a ƙofa, mutane suka fara shigowa da jakunkuna. Na mayar da maɓallin da sauri na miƙe, na ce masa likita zai yi masa bayani. Na ji sanyi a raina da zuwan motar nan, na kuma ji kunyar sanyin da na ji. Ya tashi ya tafi taya su sauke kaya.