Fadamar da Yaya Umaru Ya Hana a Sayar

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Umaru makwancinsa a Argungu. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba sai bana, saboda wata magana da na ji a wurin ɗaurin aure. Wani da ya san mu tun muna yara ya ce Malam Umaru mutumin kirki ne, amma bai san duniya ba. Wai da ya bar 'yan'uwansa sun bi zinariya da ƙarfinsu lokacin da ake samu, da yanzu 'ya'yansa ba a gidan ƙasa suke ba. Na yi shiru a wurin don taro ne. A nan ba zan yi shiru ba, domin ni ne ɗan'uwan da ake nufi.

Yaya Umaru shi ne babba a ɗakinmu, ni ne auta. Malamin tarihi ne a wata sakandare a Birnin Kebbi, amma duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya hau baburinsa zuwa Augie, inda mahaifinmu ya bar mana fadama a bakin Rima. Da damina shinkafa, da rani albasa. A can, muna cikin laka har gwiwa, na fara jin labarin da ya fi so a duk abin da yake koyarwa.

A tsakiyar ƙarni na goma sha tara, in ji shi, aka ga zinariya a wani rafi a Kalifoniya, can yammacin Amurka. Labari ya bazu, duniya ta ruɗe. Manomi ya jefar da garma, malami ya rufe aji, matuƙan jiragen ruwa suka bar jiragensu a tasha suka shiga daji. Mutane suka zo har daga ƙasar Sin. Ƙauyen da ba kowa ya san shi ba ya zama birni, ƙasar Amurka ta faɗaɗa ta cika har bakin teku. Littattafai suna son su tsaya a nan, shi kuwa ba ya tsayawa. Sai ya miƙe ya goge hannu a riga, ya ce kaɗan ne suka samu, masu sayar da shebur da abinci sun fi masu haƙa cin riba. Sannan akwai mutanen da aka tarar a wurin, masu kamun kifi a waɗannan rafukan tun kaka da kakanni. An kore su, an kashe da yawa, ruwansu ya koma taɓo.

A lokacin hira kawai na ɗauke shi. Sai ga shi abin ya iso mana. Aka ce an samu zinariya a wani daji da ke kudancin jiharmu. Ina da takardar difloma a akwati, ina kabu-kabu a Birnin Kebbi, kullum ina sauke matasa a tasha da diga a kafaɗa. Wani ɗan kasuwa ya ce zai sayi fadamarmu, amma duka yake so, ba yanki ba. Na lissafa a raina cewa da rabona zan sayi injin niƙa dutse, in zama mai gida a bakin rami. Na samu Yaya yana gyara injin ban-ruwa na gaya masa.

Ya ce, "Bello, rabonka naka ne, ko gobe in kana so sai a auna a ba ka. Amma wagga ƙasa duka, ba ni sa hannu a sayar da ita."

Na ce masa tsoro ne ya hana shi arziki, shekara ashirin yana cin alli ba abin da ya ajiye. Har yau ina jin nauyin wannan magana. Ya dube ni kawai ya ce, "Na ji. Ba ni sa hannu."

Ciniki ya lalace. Na sayar da baburina na tafi, ni da abokina Sani, ɗan maƙwabtanmu a Augie.

Wata biyar na yi. Na tarar da gari guda na bukkoki da tamfol a inda aka ce bara gonar dawa ce. Ga Zamfarawa, ga mutanen Nijar, ga wasu da ban taɓa jin yarensu ba. Mai shayi da mai sayar da ruwa su ne kullum cikin walwala. Akwai wani tsoho daga ƙauyen da ke kusa da yake zuwa ya tsaya a gefe yana kallon ramuka. Na tambaye shi ko aiki yake nema, ya ce a'a, gonarsa ce ya zo dubawa. Matan ƙauyensu sun daina ɗibar ruwa a rafi saboda wankin ƙasa, sai sun yi tafiya mai nisa. Ba wanda ya tambaye su kafin mu zo, ni ma ban tambaya ba.

Wata ranar Talata da hantsi ramin da Sani yake ciki ya rufta. Muka yi ta tono da hannu da shebur har la'asar, gawarsa muka ciro. Ni na kai wa mahaifiyarsa labari, da 'yar jakarsa.

Daga gidansu na wuce fadama, don ban san inda zan sa kaina ba. Na tarar da Yaya ana dashen shinkafa. Na shirya jin faɗa, na ma fi son ya yi. Ya tambaye ni ko na ci abinci, ya yi wa Sani addu'a, ya miƙo mini damin iri ya nuna mini layin da zan kama. Har Allah ya karɓi ransa bayan shekara huɗu bai taɓa tayar da maganar ba.

Kada a fahimce ni baibai. Akwai waɗanda suka samu, na san wasu, gidajensu na nan a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi da manyan ƙofofi, kuma ba na yi musu hassada. Yaya ma bai taɓa cewa tafiya neman abinci laifi ne ba. Babban amininsa wani Inyamuri ne mai sayar da kayan babur, wanda ya zo Birnin Kebbi da ƙuruciya ya tsufa a cikinmu, Hausa a bakinsa kamar a Argungu aka yanke masa cibi. Abin da Yaya ya ƙi shi ne mutum ya sayar da inda zai komo, ya je ya tone inda wani yake zaune.

Da zai leƙo yau, zai ga abin ya ƙaru. Lokacin cirar albasa sai mun nemo 'yan ƙwadago daga nesa, matasan garin suna daji. Yanzu har da manyan injuna ake haƙa. Na san ba zai yi mamaki ba. Zai tambaya ne su wa ke zaune a wurin da, kuma ina suka koma. Tambayar nan ba ta sa a so mutum a majalisa. Shi bai damu ba, ni ma na koyi rashin damuwa.

Gaskiya ne bai bar gidan bene ba. Ya bar 'ya'ya biyar da ba wanda ya kwana da yunwa a cikinsu, biyu sun gama karatu da shinkafar Augie. Ya bar ni da rai da wurin tsayawa a ranar da na dawo hannu wofi. Wanda ya ce wannan rashin sanin duniya ne, ya je ya faɗa a gaban mahaifiyar Sani.

A watan jiya wani da muka yi haƙa tare, wanda yanzu Alhaji ne, ya aiko yana son fadamar. Ya gane zinariya ƙarewa take yi, yana neman ƙasar noma. Ban yanke hukunci ni kaɗai ba, na je na samu matar Yaya, Asabe, tana shanya shinkafa a tsakar gida, na gaya mata saƙon yadda aka ba ni. Ba ta ko ajiye faifan da ke hannunta ba.

Ta ce, "Bello, ka gaya mishi in shinkafa yaka so, ya taho da buhu bayan girbi, mu auna mishi. Ƙasa kam babu."