Mesa a Gindin Randar Inna

Matso kusa, kai mai karatu, ka ji yadda muka yi jinyar mesa a gidanmu na Ƙofar Atiku, a bazarar shekarar da Turawa suka miƙa mulki.

Babana gardi ne, da wasan maciji yake ci da mu. Mesa ɗaya gare shi, ba babba ba, tana kwana cikin tsohuwar tukunya mai yashi a ƙasa. Ni ke yi wa yashin yayyafi. Awonsa a hannu yake: ka dunƙula ya tsaya, amma kada ya ɗiga. In ruwa ya yi yawa cikinta ya yi gyambo. In ya bushe kuma, saɓarta, wato tsohuwar fata, ta manne a ido, ta makance. Makauniyar mesa ba ta cin abinci.

Baba ya tafi ta'aziyya ƙauye, sai ga idon mesa ya yi fari, alamar saɓa ta zo. Zafin Sakkwato kuwa ka sani. Na yi yayyafi da hantsi, kafin azahar yashi ya koma gari.

Wuri ɗaya ne mai laima a gidan, gindin randa. Nan Inna, mahaifiyata, ke ajiye goron da take sayar wa matan unguwa, a lulluɓe cikin jiƙaƙƙiyar algarara, wato tsumman buhu.

Na ce, "Inna, a ɗan matsa wa baƙuwa mana."

Ta ce, "Ke ɗiyar ga, mi kika sha? Goro da maciji ɗaki guda? Ubanki ya aure ta ne?"

"Ai ita ka ciyar da mu."

"To ta tashi ta ɗora tuwo."

Da la'asar ta leƙa tukunyar da kanta, ta ga fatar ta tsage a wuya, ta ƙafe a kai kamar ƙanzo. Ta jawo tukunyar gindin randa, ta raba algararar biyu, rabi ta rufe goro, rabi ta rufe bakin tukunya. Duk yayyafin da ta yi wa goro sai ta yi wa mesa. Bayan 'yan kwanaki muka tarar da saɓa ta fita sumul, har da 'yan ƙoƙunan ido.

Sai dai wata maƙwabciya ta shigo shan ruwa, ta ɗaga algarara tana neman goro, ta ɗaga wadda ba ita ba. Ihunta ya kai bakin ƙofa. Daga ranar babu wadda ta ƙara aiko sayen goro gidanmu. Inna ta koma ƙuli-ƙuli, shi ma a wata unguwa ake kai mata talla.

Baba ya dawo, ya duba idon mesa, ya ce madalla. Ragowar goron mu muka cinye, bai canza ɗanɗano ba.

Ban ga laifin matan ba sosai. Kai da aka miƙo maka goron nan, ka san inda ya kwana, za ka ɓare ka ci?