Birkin da Yaya Mumuni ya taka

Shekara tara ke nan da muka binne yayana Mumuni a Yendi, kuma wallahi zuciyata ba ta huce ba. Direba ne kamar ni, yana ɗaukar doya daga Bimbilla zuwa Salaga. Shi ya koya mini tuƙi, kuma abin da ya fara koya mini shi ne kada in bar ƙofar gida sai na taka birki na ji yadda ya tsaya.

A makon da ya rasu ya kai motarsa wurin Sulemana bakanike, mijin ƙanwar babanmu, aka canza masa kalifa biyu na gaba, wato ƙarfen da ke matse faifan taya idan an taka birki. Da aka gama, birki ya yi laushi kamar ana taka tuwo. Aka cire iska, aka ƙara mai, bai gyaru ba. Ina tsaye a wurin Yaya ya ce, "Kawu, wannan birki bai yi mini ba." Sulemana ya share hannu ya ce, "Sabo ne, ɗana. Riƙa taka shi sau biyu, zai zauna da kansa." Wa zai yi musu da babba a gaban yaransa? Yaya ya ja mota. A gangara kafin wata gada shanu suka tare hanya, kuma babu wanda ya ba shi lokacin takawa ta biyu.

Da na je ganin motar na leƙa ƙarƙashi. 'Yar ƙusar da ake kwancewa a jikin kalifa iska ta fita tana kallon ƙasa a duka ɓangarorin. An sa kalifan dama a hagu, na hagu a dama. Iska sama take taruwa, ko shekara za a yi ana cirewa ta ƙasa ba za ta fita ba. Na faɗa wa dattawan gida, suka ce in rufe baki, ƙaddara ce, kada in raba zumunci. Na yarda da ƙaddara, amma ba ita ta riƙe sifana ta ɗaura birkin ba.

Da Yaya zai leƙo yau, zai ga garejin Sulemana ya ninka, direbobi har daga Bawku suna kawo masa aiki. Zai yi dariyar nan tasa ya ce in bari. Shi mai haƙuri ne, ni kuwa ban gaji wannan hali ba.

Bana Sulemana zai tafi Makka, yana bin gidaje neman gafara kamar yadda aka saba. Ya zo mini da farar riga ya ce, "Ɗana, abin da ya wuce a yafe." Na ce, "Kawu, me zan yafe? Faɗa mini da bakinka." Ya dubi ƙasa, ya ce kowa da ranarsa. Ai ba a ɓoye wa mai wanka cibiya. Na ba shi ruwa ya sha, na raka shi ƙofa, ban ce na yafe ba. Uwarmu ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba.

Yaya bai bar mini gida ba, bai bar mini gona ba. Ya bar mini ƙafar dama da ba ta yarda da maganar kowa. Kullum da safe nakan taka birki sau ɗaya. In ya nutse, ba na fita, ko wane ne ya ce zai zauna da kansa.