'Yar Tsana Mai Haɗaɗɗiyar Gira

Ina aji biyar a firamare aka kawo mana wata malama mai bautar ƙasa. Shekarar da ta biyo bayan rikicin Kafanchan ce, lokacin da mutane suka koma gaisawa amma kowa yana lura da ƙofar ɗan'uwansa. Gidan haya muke zaune kusa da layin dogo, ni da iyayena da kakata. Ɗakin da ke kallon namu na wata mata ce 'yar garin Madakiya, mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa. Citta take sayarwa. Mu yaran gidan Mama muke kiranta.

Wata Laraba malamar ta shigo aji da tulin farantan takarda, ragowar wani biki da aka yi a coci. Yawancinmu ba mu taɓa ganin farantin da ake ci a yar ba. Ta ɗaga wani shafin mujalla ta nuna mana hoton wata mata daga ƙasa mai nisa, furanni a kanta, girarta a haɗe kamar an ja layi da gawayi. Ta ce shahararriyar mai zane ce, kuma kowa zai yi 'yar tsana mai kama da ita.

Na ɗauki aikin da gaske. Na zana fuska a tsakiyar faranti, na yi gashi da baƙin zaren ulu, na murɗa ledar alewa ta zama furanni. Faranti na biyu na naɗe shi ya zama jiki. Riga ce ta rage, sai na je wurin telan unguwarmu na tsinci wani ƙyalle shuɗi mai ratsin fari a ƙarƙashin kekensa. Na dama sitacin rogo na manna, da na ga ba ya kamawa sai na soke shi da allurai na jingina ta a katangar tsakar gida ta bushe.

Mama ce ta fara ganinta. Ina wanke kwanuka na ji ta ajiye buhun citta. Hausarta irin ta can ce, mace da namiji duk ɗaya.

"Wa ya yi wannan abu?"

"Ni ce, Mama. Aikin makaranta ne."

"Ina ka samu zanena?"

Sai a lokacin na lura. Ƙyallen daga atamfar da matan cocinsu suka ɗinka ne, ga irinta nan a kan igiya. Ita ma Mama girarta ta kusa haɗewa, abin da ban taɓa kula da shi ba duk zamanmu. Ga kuma allurai a ƙirjin 'yar tsanar. A satin nan tana fama da ciwon ƙirji, kowa a gidan yana jin tarinta.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta je ƙofar ɗakinmu ta ce, "Iya, fito ka gani."

Kakata ta fito da carbinta, ta duƙa ta daɗe tana kallo. Na yi zaton za ta kare ni. Sai ta ce, "Mu dai ba ma irin wannan a gidanmu. Wa ya ce ki kawo mutum-mutumi mai idanu inda ake salla? Ita malamar taku 'yar ina ce? Me take nufi da ku?"

Mama tana zargin wani a ɗakinmu ya sa ni, kakata tana zargin malama, mahaifiyata kuma ta ja ni gefe tana tambayata ko telan ne ya zaɓa mini ƙyallen da hannunsa. Na ce a ƙasa na tsinta. Ta sake tambaya, na sake faɗa. Mama ta kife wa 'yar tsanar kwando ta ɗora dutse, ta ce kada kowa ya taɓa. Ranar mahaifiyata ta aika mata da tuwo kamar kullum, kwanon ya dawo yadda ya tafi.

Washegari su biyu suka raka ni makaranta, kakata a gaba, Mama a baya da kwandon, ba mai yi wa wata magana. Malama ta fito bakin aji. Da ta ji abin da ya kawo su sai ta yi dariya, ta ga ba wanda ya taya ta, ta daina. Ta ɗauko mujallar, ta kuma kira yara su kawo nasu. Duk 'yan tsanan girarsu a haɗe, har da ta 'yar wani fasto.

Mama ta bi su ɗaya bayan ɗaya da ido. "Amma nasu ba allura," in ji ta.

Malama ta yi ƙoƙarin bayani da guntuwar Hausarta. Ta ce matar haɗarin mota ta yi tana budurwa, ta daɗe a kwance, aka sa mata madubi tana kallon kanta tana zanawa. Ta ce so take mu 'yan mata mu san mace ma tana yin suna da aikin hannunta.

"Yana da rai?" Mama ta tambaya.

"Ta rasu tun da daɗewa."

Mama ta dafe ƙirji. "To zanena aka sa wa wanda ya mutu ke nan."

Kakata ta ce, "Kin ji ko. Yara ƙanana ana sa su zana matattu." Karo na farko ke nan da suka kalli juna tun jiya.

A nan gaban aji Mama ta zare alluran ta miƙa wa kakata, ta ɓamɓare ƙyallen ta ƙulle a bakin zaninta. Kakata ta ce a ba ta kan 'yar tsanar. Malama ta ce tana bukatarsa don ta ba ni maki, kakata ta ce ta bayar yanzu tana tsaye. Malama ta rubuta makin. A hanyar gida kakata ta yaga farantin ta jefa a kwata. Na yi kuka har gida, domin ban taɓa yin wani abu da ya yi kyau kamarsa ba. Sati na gaba kofi da cokali malama ta sa muka zana.

Tarin Mama ya warke bayan ta je asibiti an yi mata allura. Ta koma karɓar tuwonmu, mu ma muna cin shinkafarta ta Kirsimeti. Amma ta daina shanya a igiyar tsakar gida, ta canza tela, in ta tsefe kai kuma tana tattara gashin ta shiga da shi ɗaki.

Ina sakandare mijinta ya yi ritaya, suka haɗa kaya za su koma gida. Na taya su lodi a mota. An gama, direba yana ta hon, sai ta riƙo hannuna ta ja ni bayan motar.

"Yanzu ka girma," ta ce a hankali. "Ba zan gaya wa kowa ba. Wa ya aike ka?"

Na ce, "Wallahi Mama ba kowa."

Ta kalle ni sosai, ta gyaɗa kai, ta ce in gaishe da Iya. Sannan ta hau gaban mota ta ja ƙofa.