Saƙon Muryar da Na Tura wa Kawu

Assalamu alaikum Edita, da duk mai karanta wannan shafi. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, duk da cewa akwai waɗanda suka cancanci a tona su.

Kayan miya na fita saya da hantsi, a bakin layin gidan yayata a Tsafe, sai na ji muryata tana fitowa daga wayar mai tumatir. Maza sun kewaye shi, sun haɗa kai suna saurare. Da farko dariya ta so kama ni, don kowa ya san yadda muryarsa ke yi masa wani iri in ya ji ta a waya. Sai na ga matar da ke gaishe ni kullum ta ja hijabinta ta juya min baya. Mai tumatir ya ɗago kai ya gan ni, ya ce wa mutanen ai ga ta nan ma ta kawo kanta. Ban san laifina ba a lokacin.

Ni 'yar Tudun Wada ce a Gusau. A lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, ina zaune gida ina fatan shiga makarantar koyon jinya. Da yayata ta haihu, Inna ta tura ni Tsafe in taya ta zaman jego, dafa ruwan wanka, dama kunun kanwa, wankin jariri. Kaka, mahaifiyar Inna, ita ma ta zo suna daga Bungudu, inda take zaune wurin Kawu. Da aka watse ta matsa sai ta koma, aka haɗa ta da wani Alhaji maƙwabcin mijin yayata, ɗan kasuwar hatsi, wanda zai shiga Gusau ranar, inda Kawu zai zo ya tarbe ta.

Duk wanda ke bin hanyoyinmu ya san ba a shiga mota a yi shiru. Tun da ɓarayin daji suka addabe mu, in naka ya taso sai ka sanar da na can gaba irin motar, da lokacin da ta tashi, da wanda ke ciki, don in shiru ya yi yawa a san inda za a fara nema. Kawu ya turo min saƙon murya yana tambaya: wace mota ce, wa zai riƙe wa Kaka jakarta tunda ta saba mantawa da ita a mota, kuma ya jira su a tasha ne ko a bakin hanya, don ƙafarta ba ta son tafiya. Na tura masa saƙo biyu. A na farko na gaishe shi, na ce Kaka ta ci abinci ta sha magani. Na biyun kuwa har in mutu ba zan manta ko kalma ɗaya a cikinsa ba: "Sun taso yanzun nan. Ƙaramar mota ce ruwan toka, gilashin baya an liƙe shi da leda. Alhaji na gaba kusa da direba, jakar tana hannunshi. Ku tsaya bakin hanya tun yanzu, kada ku bari su wuce, don direban gudu gare shi."

An tare motar kafin su kai duwatsun Kwatarkwashi. Aka tafi da Alhaji da wasu fasinjoji, aka bar Kaka a gefen titi saboda ba za ta iya tafiyar daji ba, wata mota ta kai ta asibiti a Gusau. Cikin ruɗewa Kawu ya tura saƙona na biyu ga 'yan uwa da mutanen Tsafe don su gane motar da ake magana. Daga wannan waya zuwa waccan, wani da har yau ban san shi ba, Allah Ya isa tsakanina da shi, ya rubuta a saman saƙon cewa a saurari muryar infomar da ta sayar da Alhaji. Bai taɓa ko kalma ɗaya a cikin maganata ba. Layi ɗaya kawai ya ɗora mata a ka.

Na yar da kayan miyan na ruga gida, matasa suka biyo ni. Ƙanen Alhaji ne kan gaba, idonsa ja, yana cewa a fito da 'yar Gusau mai bakin zaƙi. Na leƙo soro na miƙa wayata, ina roƙon su saurari saƙon farko da tambayar Kawu. Ya fizge ta ya maka da ƙasa, wai shaida nake so in goge. Yayata ta fito da jinjiri a kafaɗa tana kuka, tana cewa kakarmu ma tana cikin motar, wane mahaukaci ne zai sa a tare kakarsa? Wani ya amsa mata cewa ai nan wayon yake, shi ya sa aka bar tsohuwar aka ɗauki Alhaji. Yayata ta ce ai Kawunmu ne na tura wa, suka ce haka irinsu ke kiran iyayen gidansu na daji. Na yi kuka, suka ce kukan asiri ya tonu ne. Na yi shiru, suka ce dubi taurin ido, wannan ta saba. Duk abin da na faɗa, da duk abin da ban faɗa ba, sai ya samu gurbi a cikin labarin da suka riga suka gina. Mijin yayata kuwa, wanda na share kwanaki ina wanke tsummokaran ɗansa, da aka tambaye shi cewa ya yi shi dai gaskiya bai san halina sosai ba, ƙanwar mata ce kawai. Wannan maganar ta fi jifan da ya fasa tulun tsakar gida yi min ciwo.

Mai unguwa ne ya zo ya raba hanya da sandarsa, ya ce yarinya tana hannunsa, wanda ke son ta ya fara da shi. Ya kai ni cikin iyalinsa. Waya ba ta shiga wurin Kawu, sai aka aika da baki ta hannun direba. A wannan zaman ne wata 'yar gidan ta kunna min saƙon, da rubutun nan a samansa. Edita, wallahi ni da na yi maganar, da na saurare ta bayan na karanta wannan layin, sai na ji ta daban. Na ji wata muguwar yarinya tana kwatanta mota, tana nuna mai jaka, tana cewa kada a bari su wuce. Muryata ce, amma ni kaina na ji tsoronta.

A nan na tuna wani malaminmu na Hausa a aji biyar. Wata rana ya fitar da rabin aji waje ya raɗa musu abu, ya raɗa wa sauran wani abu daban, sannan ya karanta mana ɗan labarin mutumin da ya tura ƙofa a hankali, ya cire takalmi, ya nufi ɗaki yana sanɗa. Mu an ce mana ɓarawo ne, su an ce musu magidanci ne da ya dawo daga tafiya ba ya son ya tayar da jariri daga barci. Da ya tambaye mu, a cikinmu har da mai cewa mutumin na riƙe da wuƙa, a cikinsu har da mai cewa ya zo da tsaraba. Babu wuƙa babu tsaraba a takardar. Malam ya ce kunne kalmomi kawai yake kwasowa, kai ne ke haɗa su ya cike giɓi da abin da aka fara ba shi, kuma daga baya abin da kai ya gina ake tunawa, ba abin da aka faɗa ba. Ranar dariya muka yi ta yi. Ban san wata rana raina ne zai rataya a kan wannan darasi ba.

Washegari bayan azahar Kawu ya iso, Kaka na biye da shi tana dogara sanda, ta ƙi zama a asibiti. Aka cika zauren mai unguwa har waje. Kafin a kunna komai, mai unguwa ya ce duk wanda ya saurari saƙon ya faɗi abin da ya ji. Mai tumatir ya rantse na ce jakar kuɗi tana hannun Alhaji. Ƙanen Alhaji ya rantse na ambaci daidai wurin da za a tare su. Matar nan da ke gaishe ni kullum ta ce ita da kunnenta ta ji na yi dariyar mugunta a ƙarshe. Sai aka kunna, aka sake kunnawa. Babu kuɗi, babu sunan wuri, babu dariya. Mai tumatir ya ce to ba wannan ba ne ya ji, aka karɓi tasa wayar aka kunna, shi ne dai. Na kalli fuskarsa, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba ƙarya ya yi ba. Da zuciya ɗaya ya rantse. Ya ji kuɗin nan a cikin kansa, kuma da a kan wannan jin za a kashe ni.

Sannan Kawu ya kunna tasa tambayar, da saƙona na farko, da na biyu, a jere yadda suka zo. Maganar ba ta canza ba, amma yanzu kowa na jin yarinya tana amsa wa kawunta tambaya ɗaya bayan ɗaya. Kaka ba ta jira an ba ta izini ba. Ta ce mi suka ce, kuɗi? Maganin hawan jini ne a jakar, da cincin, da ɗan naman suna da ta ɓoye wa jikokinta na Bungudu, in wannan ne dukiyar to ɓarayi sun yi asarar harsashi. Ta juya kan mijin yayata ta ce kai kuma ango, ka san daɗin tuwon ɗiyag ga amma ba ka san halinta ba ko? Wasu suka yi dariya, shi ya sunkuyar da kai. Ni ban yi dariya ba. Ƙanen Alhaji ma bai yi ba, ya ce duk da haka shi zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ina tausayinsa, ɗan uwansa na daji a lokacin, sai daga baya Allah Ya kuɓutar da shi. Amma baƙin cikinsa bai ba shi jinina ba.

Har yau ina cikin fushi, ba zan ɓoye ba. Babu wanda ya ce min yi haƙuri. Saƙon mai rubutu a ka ya zaga garuruwa, amma tambayar Kawu ba ta wuce zauren nan ba, don haka akwai wayoyin da har gobe ni infoma ce a cikinsu. Ina roƙon masu karatu don girman Allah: in aka turo muku muryar wani da bayani a samanta, ku sani an riga an zaɓa muku abin da za ku ji. Ku tambayi da wa yake magana, me aka tambaye shi, me ya faɗa kafin nan. Kafin ku rantse kun ji abu, ku sake kunnawa ku nemi kalmar da kunnenku. In ba ku same ta ba, to daga kanku ta fito, kada ku ɗora wa ɗan wani. Masu aika bayanin mota kuma, ku ambaci sunan wanda kuke yi wa magana da dalili a cikin kowane saƙo, ko da zai yi tsawo.

Ana kiran la'asar mai unguwa ya ce min tashi 'yata, ba ki da laifi, ba mai taɓa ki a garin nan. Na tashi, amma sai da Kaka ta riƙe ni, ita da ake riƙewa. Kawu ya ce ba zan ƙara kwana a Tsafe ba, muka nufi tasha. Muna zama a mota Inna ta kira wayarsa, ya miƙo min. Tana kuka tana hamdala, sannan ta yi tambayar da kowace uwa ke yi a hanyar nan: wace mota kuka shiga, wane launi, wa ke gaba? Na buɗe baki zan faɗa, sai na dubi fasinjojin da ke saurarena. Na mayar wa Kawu wayarsa.