Kafaɗar Sha Huɗu

A shekarata ta biyu ta karatun digirin dakta a Greensboro, can ƙasar Amurkawa, Farfesa ya jawo ni cikin wata gasa. Dattijo ne ɗan Zariya, ya daɗe yana koyar da injiniyanci kafin ya yi ritaya ya zauna a unguwar Sedgefield. Wata Juma'a ya tsare ni a wurin ajiye motoci na masallaci, ya ce akwai ƙungiya ɗaya da ta rasa mai ita.

Na ce, "Baba, ni fa ban san kan ƙwallon Amurkawa ba."

Ya ce, "To ai ba kai za ka yi gudun ba. Kwamfuta ce ke bugawa."

Shi ya rubuta manhajar da hannunsa. Mu takwas ne, kowa da ƙungiyarsa, 'yan wasan duk ƙirƙirarru, babu na gaske ko ɗaya. Cikin mako ka tura masa tsarin da kake so yaranka su bi, ranar Asabar bayan la'asar ya danna maɓalli, kwamfuta ta buga wasannin, ya saka sakamako a gurup ɗinmu na waya. Duk bayan mako tara kaka ta ƙare, 'yan wasa su ƙara shekara ɗaya. Dokar Farfesa guda ce: sau ɗaya ake dannawa, abin da ya fito shi ke nan.

Kwatabak ɗina, wato mai jefa ƙwallo wanda kowane hari ke tashi daga hannunsa, na ɗauke shi ne can ƙarshen zaɓe bayan kowa ya tsallake shi. Hannunsa ba ƙarfi, ƙafarsa ba sauri. Abu ɗaya aka ba shi maki mai yawa a kai, nutsuwa. Lambarsa sha huɗu, da ita muke kiransa.

Kakarsa ta farko ya yi ta miƙa wa abokan hamayya ƙwallo har aka mayar da ni abin tsokana a gurup. Na ajiye shi a benci kaka guda, wanda na saka a madadinsa ya fi shi lalacewa, sai na dawo da shi. Daga nan ya gyaru. Ba ya jifa mai nisa, amma idan saura minti biyu ana binmu a baya, ba ya rikicewa. Sau biyu ya kai ni wasan ƙarshe, sau biyun muka sha kashi. Ina zaune a lab, ɗakin bincikenmu, ina jiran gwaji ya kammala, sai in tsinci kaina ina tunanin ko in sayo masa mai tsaron gefen hagu da zai riƙa kare shi. Matata kan ce ta ga alama ya kusa fara cin tuwo a gidanmu.

A kakarsa ta goma sha biyu ya tsufa, makinsa na raguwa, na san wannan ce damarsa ta ƙarshe. Muka kai wasan kusa da na ƙarshe. Wanda zan kara da shi Alhaji ne, mutumin Maraɗi mai jefa Faransanci cikin magana, makanike mai gareji a hanyar Pleasant Garden. Tun da aka kafa gasar bai taɓa zuwa wasan ƙarshe ba.

A makon ne aka yi wa Farfesa aikin yanar ido, likita ya hana shi kallon allo na ɗan lokaci. Ya kira ni gida ya miƙo mini kwamfutar.

"Kai ne ka san kan na'ura a cikinsu. Ka danna ranar Asabar, ka saka abin da ka gani."

Ranar Asabar na yi la'asar, na zauna a teburin kicin. Ɗayan wasan na fara bugawa, ya wuce lafiya. Sannan na danna namu. Rubutu ya riƙa gangarowa layi layi, yadda ya saba. Kafin a tafi hutun rabin lokaci sai ga layi da jan rubutu: an kayar da Sha Huɗu, ya ji ciwo a kafaɗa, an fitar da shi. Alhaji ya cinye mu da tazara. A ƙasan shafin manhajar ta rubuta cewa ɗan wasan ba zai sake bugawa ba.

Na daɗe ina kallon layin. Waya ta fara ƙara a gefena. Wani ya rubuto, "Ina sakamako?" Wani ya ce ko sabon kwamishina, wato ni, ya gudu da kwamfuta ne. Na ce wa kaina wataƙila manhajar ce ta yi kuskure tunda ba mai ita ke riƙe da ita ba. Na san ƙarya nake yi. Na goge wasan, na sake dannawa.

Wannan karon kafaɗarsa lafiya lau. Saura daƙiƙa kaɗan ya jefa ƙwallon da ta ba mu nasara. Wannan na saka a gurup.

Ko minti biyar ba a yi ba Alhaji ya kira ni. Ina jin ƙarar injin iska a bayansa.

"Dakta, barka. Bon, tsohon nan naka bai da dama. Tun safe 'ya'yana mata ke tambaya ko mun ci, yanzu zan gaya musu sai wata kakar."

Na ce, "Allah ya kai mu, Alhaji."

Matata tana yanka albasa a bayana, ashe duk ta gani. Ba ta juyo ba ta ce, "Na ga jan rubutu ɗazu. Ina ya tafi?"

Na ce abin wasa ne, kada ta damu kanta.

Ta nuna kwanon da ta ajiye mini ban taɓa ba, ta ce, "In wasa ne, me ya sa ka kasa cin abinci?"

Makon nan ban ji daɗinsa ba. Na buɗe shafin tsari don shirya wasan ƙarshe sau uku, ina ganin lambarsa sai in rufe. Ranar Laraba fitilar mai ta kunnu a motata, na kai ta wani gareji da ban sani ba don kada in haɗa ido da Alhaji. Ranar Juma'a na hango shi a sahun gaba, ana sallamewa na fice ban tsaya gaisawa ba.

Daga masallaci na wuce Sedgefield. Hajiya, matar Farfesa, ta buɗe mini ƙofa. Farfesa na falo cikin baƙin tabarau, an sassauke labule. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa ya jiki, sannan na faɗa masa komai ba tare da na ɗago kai ba.

Ya juyo da fuskarsa wajena.

"Sau nawa?"

"Sau biyu, Baba."

"Na farkon ka goge?"

"Na goge."

"Manhajar ba ta gogewa, ajiyewa take a wani wuri. Idona na warkewa zan gani." Ya gyara zama. "Na farkon ne sakamako. Kai za ka gaya musu, ba ni ba. Kuma ka fara da mai haƙƙi, ba ta waya ba."

Na kama hanyar Pleasant Garden ina ta sake jera maganar a kaina. Na tarar da Alhaji a ƙarƙashin wata farar mota. Ya fito yana goge hannu da tsumma, yana murmushi. Ina magana murmushin na gushewa.

Ya ce, "Na kira ka na yi maka barka."

"Haka ne, Alhaji."

"Ka amsa mini da Allah ya kai mu."

Ya ninke tsumman ya ajiye a kan taya.

"Wasa ne, na sani. Amma kai ba da wasa ka yi mini ba. D'accord, na ji. Jeka, ina da aiki."

Da yamma na rubuta a gurup. Wasu suka yi faɗa, ɗaya ya ce a kore ni. Farfesa ya yanke cewa zan zauna kaka ɗaya a waje, kwamfuta ta riƙe mini ƙungiya. Aka ɗage wasan ƙarshe da mako biyu har idonsa ya warke, ya danna da kansa. Alhaji ya sha kashi da maki uku. Sha Huɗu ya shiga jerin waɗanda suka yi ritaya, kaka goma sha biyu, babu kofi.

Alhaji ya yi wata huɗu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Sai wata rana a wurin sunan ɗan wani abokinmu ya zo ya zauna kusa da ni da farantin shinkafarsa, ya tambaye ni ko zan sayar masa da mai tsaron gefen hagun nan nawa. Na ce zan duba. Ya ce in duba da wuri, ranar Laraba ake rufe ciniki.