Ramar Inna

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yar fari, kuma a Sara, can ƙasar Gwaram inda aka haife mu, uwa irin ta da ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ko zaginsa ake yi a gabanta sai ta kau da kai. "Ke" take ce mini. In ba a san wannan ba, abin da zan faɗa zai yi kama da hauka.

Ƙaya ce ta soke ta a ƙafar hagu, 'yar mitsitsiya, tana tsinkar zogale a bayan gida. Ciwon ya ƙi warkewa, aka shafa wannan aka shafa wancan, har ya fara wari. Na je na ɗauko ta da kaina na kawo ta Birnin Kudu, inda nake aure, muka tafi asibiti. Likita bai yi mana kwana-kwana ba. Ya ce ciwon suga ne, jikinta kuma ya yi nauyi ainun, in ba a rage ƙibar an saukar da sugan ba, ƙafar nan yanke ta za a yi.

Ma'aikaciyar jinyar da aka haɗa mu da ita ba ta fara da tuwo ba. Tambayar Inna ta yi me take sha daga safe zuwa dare. Inna ta gyara zama ta fara lissafi da alfaharinta: shayi da madarar gwangwani bayan asuba, koko da suga da hantsi, fura da nono da rana, ita ma da suga don nonon yanzu tsami gare shi, zoɓo in an yi na sayarwa a maƙwabta, sai lemon kwalba da ƙanena direba yake sauke mata duk sanda ya dawo daga Kano. Aka ce ruwa fa? Ta ce tana sha mana, in za ta haɗiyi magani.

Na saki baki ina kallonta. Mata mai jikoki, a garin da rana ke dafa mutum a tsaye, ashe ba ta shan ruwa! Dalilinta kuwa, wai ruwa yana sa ta zirga-zirgar banɗaki, ita kuma tana son alwalar azahar ta kai ta magariba.

Ma'aikaciyar ta ce rabin ƙibar Inna a kofi take shiga, don abin sha mai zaƙi ba ya ƙosar da mutum, sai ya sha kuma ya ci tuwonsa daidai. Ta ce a ba ta kofin ruwa kafin kowane abinci, ta riƙa kurɓa tsakani ba sai ta ji ƙishirwa ba, a ƙara in ana zafi. Ma'aunin kuma ba a kofi yake ba, a fitsari yake: in ya yi haske ruwa ya isa, in ya yi ja a ƙara. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, wai yarinya sa'ar jikarta tana yi mata zancen fitsari.

Mun sha daga a gidan nan. Na ɓoye gwangwanin suga a ɗakin maigidana. Na riƙa dafa zoɓo da citta da kanumfari ba ko ƙwayar suga, ta kurɓa ta ce wannan ai rini ne. Shayi ba madara, ta ce ruwan wanke tukunya. Fura na mayar da ita 'yar kaɗan, ba kullum ba. Na sayi sabuwar randa na ajiye a ƙofar ɗakinta, ina matsa lemon tsami a gora in miƙa mata, ta karɓa tana harara ta. Amma tana sha. A hankali zani ya fara yi mata yawa, gwiwa ta daina ƙara in za ta tashi daga sujada, ciwon ya bushe ya rufe. Ranar da likita ya duba ya ce ƙafa ta tsira, da na dawo gida kuka na yi a kicin.

Da damina ta kusa ta ce ita fa gida za ta koma, awakinta na hannun mutane. Na haɗa mata magunguna da gorarta, na sa ta a mota.

Ba a daɗe ba Gwaggo ta kira ni, yayar mahaifinmu, wadda duk gidan ba mai ɗaga mata murya. Ko amsa gaisuwata ba ta yi ba. Ta ce na ɗauki mata cikakkiya na dawo da ita kamar karan dawa, duk Sara ana cewa na tsare uwata a birni ina ba ta ruwa tsura saboda rowa. Na yi bayanin suga, na yi na ƙafa, ta ce boko ne ke ɗibata, ta kashe wayar. Raina ya ɓaci, amma na ce su yi ta faɗa, ƙafa dai tana nan. In na kira Inna kuma, kullum lafiya lau, tana shan ruwanta.

Sai da gero ya fara fitar da kai matar ƙanena ta kira ni a ɓoye, ta ce Yaya ki zo, ƙafar Inna ta kumbura.

Na hau motar Gwaram, na ƙarasa a kan babur. Abin da na fara gani da na shiga gida kwalabe ne, tsibi guda a gindin rumbu. Baƙin lemon nan ne mai kauri, wanda ake haɗawa da madarar gwangwani a ba mai jego ko wanda ya tashi daga ciwo, wai yana ƙara jini. Ashe tun da aka ga ramar Inna aka ɗauka jinya take, 'yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa da kwalbarsa a leda. A ɗaki na tarar da Gwaggo tana tsiyaya madara a kwanon sha, Inna ta miƙa hannu za ta karɓa. Ta yi kumatu, ta ciko fam.

Ban san lokacin da na fizge kwanon na watsar a tsakar gida ba. Gwaggo ta yi salati, ta ce to ga shi kowa ya gani da idonsa, ta ja matan suka fita.

Na durƙusa na kwance tsumman da aka naɗe ƙafar da shi. Yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin. Na ce mata abin da ban taɓa zaton zan faɗa wa uwata ba, na ce tana gaban likita aka yi maganar, ba a bayanta ba, zaƙin ne ya fi mata ƙafarta?

Ta juya fuska bango. Can ta ce, "Ni zaƙin ya fita raina tun a gidanki. Tashin zuciya ma yake sa ni."

Na ce to don me.

"A gidan suna ke ake zagi, a wajen rijiya ke ake zagi. Wai kin hana uwarki abinci. Ni kuma ba ni da bakin da zan ce ba haka ba ne, ke ce ta fari. Sai na ga in na mayar da jikina, ai sa yi shiru."

Na zauna daɓas a ƙasa. Duk faɗan da na zo da shi a bakina ya tsere. Tun ina yarinya nake jin haushin yadda ba ta taɓa tsaya mini ba, ko sau ɗaya, ashe da ta tashi tsaya mini, da lafiyarta za ta tsaya ke nan.

A ranar muka koma asibiti. An ceto ƙafar, amma yatsun biyu sun tafi. Gwaggo ta zo dubiya da ledarta, ta ga bandejin, ta koma da ledar ba ta buɗe ba.

Yanzu Inna tana wurina. Ta sake ramewa, tana yawo da gorarta, tana sabunta alwala kowace salla tana mita. Har yau "ke" take ce mini. Takalminta na hagu ya yi mata yawa ta gaba, kullum da safe ni nake cusa masa auduga.